Ɗalibin Tsangayar Fasaha da Makaman Nasararsa: Nazari daga Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da iyaye kan yi wa yaron da ya sami gurbin karanta Hausa ko Larabci ko tarihi a babbar makaranta, wato: “In ka gama, me za ka yi da shi?” Tambayar tana da tushe, domin Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta fifita darussan kimiyya, har ta ware musu kashi 60 cikin ɗari na guraben shiga jami’a, ta bar wa sauran fannoni kashi 40. Saboda haka ɗalibin harshe ko tarihi yakan shiga makaranta da guntun karyayyen zuciya, yana ganin kamar ragowar gurbi ya tsinta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ƙwarewar da irin wannan ɗalibi yake bukata don ya ci gajiyar karatunsa, da kuma wuraren da zai same ta a zamansa na makaranta. An ɗauki ƙasar Katagum a matsayin misali. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ƙwarewar da ke fid da ɗalibin fasaha kunya ta aiki ce, sai an yi ta da hannu da baki ake iya ta, sa’annan kuma ƙasar da makarantarsa take ciki ita ce ɗakin gwajinsa, kamar yadda ɗalibin kimiyya yake da nasa.

Ya kamata a fayyace wata kalma tun da wuri. A bakin ’yan jarida “fasaha” tana nufin ƙere-ƙere, kamar a cikin “kimiyya da fasaha”. A nan kuwa an yi amfani da ita ne da ma’anar da ta ɗauka a sunan tsangayoyin jami’o’inmu, wato fannonin harsuna da adabi da tarihi da nazarin addini da dangoginsu.

2.0 Ƙasar Katagum da Makarantunta

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, bayan ya ci tsofaffin ƙasashen Shira da Tashena. Garin Katagum ne fadar masarautar har zuwa zamanin Turawa, lokacin da aka mayar da ita Azare a 1916. Shi ya sa a yau Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum na asali yake hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Ƙasar tana kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno, kuma wannan matsayi ya sa Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare da Badawa suka daɗe suna cuɗanya a cikinta da kewayenta. Hausar yankin ita ake kira Guddiranci.

Ta fuskar ilmi mai zurfi, tsohuwar makaranta a yankin ita ce Kwalejin Ilmi ta Azare, wadda aka buɗe a 1977 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, daga baya aka sa mata sunan Alhaji Aminu Saleh, Wamban Katagum, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1993 zuwa 1995. A farkon shekarun 2010 gwamnatin Jihar Bauchi ta kafa jami’arta, da babban mazauninta a Gadau, kusa da Azare, wadda a yanzu take amsa sunan Jami’ar Sa’adu Zungur. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Jami’ar Kimiyyar Lafiya a Azare. Ke nan ɗalibin fasaha a wannan yanki yana zaune ne tsakanin abubuwa uku: al’umma mai harsuna da yawa, tarihi mai zurfi wanda mafi yawansa ke bakin dattawa, da kuma cibiyoyin zamani masu bukatar wanda zai yi musu magana da jama’a.

3.0 Ƙwarewar da Ɗalibi ke Bukata

3.1 Rubutu bisa ƙa’ida

Makamin farko shi ne rubutu. Da yawa daga cikin ɗaliban da suka tashi da Hausa a baki sukan ɗauka iya magana ya wadatar, alhali rubutu ilmi ne daban mai ƙa’idojinsa, waɗanda aka yi tarurruka a kansu, kamar taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. kafa / ƙafa
b. baki / baƙi
c. fada / faɗa
d. bari / ɓari

(2) a. Ya ba ta kuɗi.
b. Ya ɓata kuɗi.

(3) Akan ajiye rajista a kan teburin malami.

A misali na (1), lanƙwasar harafi ɗaya ta raba ma’ana biyu. A misali na (2), duk wanda ya rubuta “ya bata kudi”, ba tare da raba kalma ko lanƙwasa harafi ba, ya bar mai karatu cikin duhu: kyauta aka yi ko ɓarna? Idan jimlar ta faɗo cikin rahoton kwamitin bincike ko bayanin mai ba da shaida, mutuncin wani ne yake reto a kanta. Misali na (3) kuwa yana nuna bambancin “akan” ta sabo da “a kan” ta wuri, wanda har a allunan ma’aikatu ake ganin an cakuɗa.

Bayan ƙa’idar haruffa akwai ƙa’idar tunani: a san abin da ake son faɗa, a jera dalilai, a kawo hujja, a tsaya inda hujjar ta tsaya. Wannan ƙwarewa tana bin mai ita duk inda ya shiga. Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, aikin akanta ya karanta a Jami’ar Ahmadu Bello, amma alƙalaminsa na jarida ne ya fito da shi a idon ƙasa, tun kafin ya zama ministan ilmi daga 2015 zuwa 2023. Idan wanda ya fito daga wani fanni ya sami wannan matsayi da rubutu, ɗalibin da rubutun ne sana’arsa ba shi da uzuri.

A wannan zamani rubutu ya haɗa da kwamfuta. Ɗalibin da bai san yadda zai fitar da ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta ko a waya ba, zai koma rubuta “kasa” a inda yake nufin “ƙasa”, ko da ya ci jarrabawar ƙa’idojin rubutu da maki mai yawa.

3.2 Fassara da tafinta

Makami na biyu shi ne iya ɗaukar ma’ana daga wani harshe zuwa wani. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi ’yancin samun tafinta kyauta idan bai fahimci harshen da ake shari’ar da shi ba. Sashe na 55 kuma ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya gudanar da harkokinta da su. Haka nan gidajen rediyon ƙetare sun daɗe da buɗe sassan Hausa: BBC a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Duk waɗannan wurare ne da fassara ce abincin yau da kullum.

Wahalar fassara ba ta cika zuwa daga manyan kalmomi ba. Daga kalmomin gida take fitowa. Alal misali, a asibiti majiyyaci zai ce yana fama da “sanyi”, wanda zai iya zama mura, ko ciwon gaɓoɓi, ko ciwon da ake jin kunyar ambatawa. Wani zai ce “shawara” ce ta kama ɗansa, wani ya kira kowane zafin jiki “zazzaɓi”. Likitan da ya zo daga wata jiha yana bukatar wanda zai san wace tambaya ce za ta fito da ainihin nufin majiyyaci, ba tare da an keta masa haddi ba. A kotu kuwa, “na ji” tana iya nufin sauti ya shiga kunne, ko an fahimta, ko an yarda. Tafintan da ya zaɓi ta ukun a inda ake nufin ta farkon ya sa wa mutum amsa laifi a baki. Haka kalmar “ɗan’uwa”, wadda ta haɗa shaƙiƙi da ɗan baffa da ɗan gari ɗaya, take iya rikita shari’ar gado in an fassara ta da kalma ɗaya tak.

Kasancewar jami’ar kimiyyar lafiya da babban asibiti a Azare ya buɗe wa ɗaliban harshe na yankin wani fage da ba a gama nomewa ba, wato tattara kalmomin cututtuka da na sassan jiki kamar yadda mutanen karkara ke faɗarsu, da daidaita su da na likitoci. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami’ar Bayero na 2006 za su taimaka, amma abin da tsohuwa ta Gamawa ko Madara ke nufi da kalma, a bakinta ake jin sa.

Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa, wasu kuma suka biyo baya. Wannan bai kori mai fassara ba, sai dai ya sauya masa aiki: injin yana fitar da jimla cikin ƙiftawar ido, amma ana bukatar wanda zai gane inda ta karkace. Wanda bai iya fassara da kansa ba, ba zai iya gyara ta inji ba.

3.3 Binciken fage

Makami na uku shi ne iya fita a tambayi mutane, a saurara, a rubuta, a auna. A nan ne ƙasar Katagum ta fi ba da darasi. Mutanen Shira da Tashena, da maƙwabtansu na Auyo a ƙasar Haɗeja, suna da harsunansu na kansu a da, dangin Badanci da Ngizimanci cikin iyalin harsunan Cadi. Hausa ta haɗiye su duka. Abin da ya rage sai jerin kalmomi ƙalilan da aka rubuta a zamanin mulkin mallaka, waɗanda masana irin su Russell Schuh suka yi nazari a kansu daga baya. Da an sami ɗalibai goma masu horo da suka zauna da tsofaffin ƙarshe masu jin waɗannan harsuna, da abin da ke hannun masana a yau ya ninka haka.

Guddiranci bai kai wannan hali ba, amma rediyo da makaranta da finafinan Kano suna ta goge bambance-bambancensa daga bakin matasa. Dauda Bagari ya yi nazarin wasu sassansa a 1982. Ɗalibin da zai koma ƙauyukan yankin yau, ya gwada maganar kaka da ta jika, zai kawo wa ilmin karin harshe abin da babu shi a laburare. Haka abin yake ga tarihi. Littafin Victor Low na 1972 a kan masarautun Gwambe da Katagum da Haɗeja an gina shi ne a kan hira da dattawa. Waɗanda ya yi hira da su sun kau, kuma kowace shekara wasu masu riƙe da labarin sarautu da sana’o’i da ƙaurace-ƙaurace suna bin bayansu.

Binciken fage yana koyar da abubuwa huɗu waɗanda allo ba ya koyarwa. Na farko, ladabin shiga gari: a fara da mai unguwa ko dagaci, a bayyana manufa, a nemi izini kafin a kunna na’urar ɗaukar magana. Na biyu, iya tambaya: tambayar da ta ɗauko amsarta a goye, kamar “Ai kakanninku daga Borno suka zo, ko?”, ba ta haifar da komai sai “haka ne”. Na uku, haƙurin juyar da magana zuwa rubutu yadda aka faɗe ta, ba tare da an gyara wa mai magana karinsa ya koma Kananci ba. Na huɗu, auna majiya: a gwada abin da gidan sarauta ya ce da abin da gidan malamai ya ce, a kuma gwada su da rubutattun bayanai. Misali, Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a Katagum a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Kauwa, kafin abokin tafiyarsa Walter Oudney ya mutu a Murmur, kuma an buga labarin tafiyar a 1826. Ya rubuta sunayen mutane da na garuruwa ne yadda kunnensa ya jiyo. Ɗalibin da ya san ƙasar shi ne zai iya gano garin da ake nufi, ya kuma rarrabe abin da baƙon ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa.

Wanda ya iya waɗannan ya iya aikin ɗan jarida, da na jami’in ƙidaya, da na mai binciken ƙungiyoyin raya karkara, domin duk tushensu ɗaya ne.

3.4 Magana a bainar jama’a

Makami na huɗu shi ne baki. Mutumin da jami’ar jihar ke ɗauke da sunansa ya isa misali. Malam Sa’adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ɓangaren kimiyya da kiwon lafiya ya bi a karatun boko, har ya shiga Babbar Kwalejin Yaba ta Legas. Amma abin da ya bar wa tarihi ya fito ne daga ilminsa na Larabci da addini, da waƙoƙinsa na Hausa, da kuma ƙarfin hujjarsa a muhawara. A Majalisar Taɗi ta Bauchi, cikin shekarun 1940, shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa tattauna al’amuran mulki a gaban jami’an Turawa da na En’e. Biyun nan na ƙarshe malaman makaranta ne a lokacin. A irin wannan zaure aka wasa harsunan da suka yi jagorancin siyasar Arewa.

4.0 Inda Ake Samun Ƙwarewar a Makaranta

Babban abin da ke tauye ɗalibin fasaha a manyan makarantunmu shi ne dogaro da takardun taƙaitaccen darasi da ake haddacewa dab da jarrabawa. Haddar tana iya kawo maki, amma ba ta koyar da ko ɗaya daga cikin makaman nan huɗu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ga wuraren da ɗalibi zai nema:

(a) Ƙungiyoyin ɗalibai. Ƙungiyar Hausa da ta tarihi da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo makarantu ne a cikin makaranta. Sakataren ƙungiya yana koyon rubuta bayanin taro da wasiƙar neman taimako. Ma’aji yana koyon riƙon amana da ba da lissafi. Wanda ya shirya Makon Hausa ya koyi gayyatar baƙi da tsara lokaci da rarrashin masu saɓani. Mujallar bango kuwa, ko shafin ƙungiya a intanet, ita ce wurin da ɗalibi zai fara ɗanɗana gyaran edita.

(b) Koyarwar gwaji. Ɗaliban kwalejin ilmi da na tsangayar ilmi sukan yi makonni a makarantun firamare da sakandare. Wanda aka tura ƙauye, ya tarar da aji cike da yaran da wasunsu Fulatanci suke yi a gida, zai fahimci matsalar harshen koyarwa fiye da yadda kowace lacca za ta nuna masa. Littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani kullum zai iya zama tushen kundinsa.

(c) Kundin kammala karatu. Wannan ita ce dama mafi girma, kuma ita aka fi yin wasa da ita, ta hanyar kwafe tsohon kundi a sauya sunan gari. Ƙaramin batu da aka bi da ƙafa, kamar sunayen unguwannin Azare da asalinsu, ko kalmomin masunta na bakin kogi a garin Katagum, ko labaran da mutanen Shira ke bayarwa game da zane-zanen da ke jikin duwatsunsu, ya fi babban take da aka cika da kwafe. Irin wannan kundi shi ne abin da ɗalibi zai nuna ranar neman aiki ko neman gurbin digiri na biyu.

(d) Zaman ɗakin kwana. Ɗalibin da ya yi shekara uku ko huɗu da abokin ɗaki Babarbare ko Bakarkare ko Bayarabe, ya fita bai iya ko gaisuwa da harshensa ba, ya yi asarar malami na kyauta.

(e) Kusantar malami. Alhaji Abubakar Imam malamin makarantar midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Zaman da ya yi yana aiki tare da Rupert East a Zariya shi ya shirya shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ɗalibin da ya roƙi malaminsa ya sa shi cikin aikin bincike, ko da juyar da kaset ne ko duba kurakuran bugu, yana bin wannan tsohuwar hanya ce ta koyon sana’a a gindin gwani.

5.0 Manufofin Gwamnati da Makomar Ɗalibi

Wani zai ce duk wannan ƙoƙari bai da amfani in gwamnati ba ta buɗe guraben aiki ba. Gaskiya ne manufofi suna tasiri, amma tarihinsu ya nuna ba abin jingina ba ne. An cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a ƙarshen shekarun 2000, aka mayar da shi a zamanin ministan da aka ambata a sama, sai aka tarar malaman da za su koyar da shi sun yi ƙaranci. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 aka ba da sanarwar janye ta. Ɗalibin da ya shiga makaranta saboda manufar farko, ya fito ya tarar da ta biyu. Wanda takardar shaida kaɗai ya riƙo, iskar manufa za ta yi ta kaɗa shi. Wanda kuwa ya iya rubutu da fassara da bincike da magana, in ƙofar aji ta rufe, akwai ta gidan rediyo da ta kotu da ta asibiti da ta maɗaba’a.

Su ma sassan koyarwa suna da nasu nauyin. Zai kyautu a ba aikin fage maki mai tsoka tun daga shekara ta biyu, a tanadi wurin adana muryoyin da ɗalibai suka ɗauko tare da sunan gari da ranar hira, a kuma ƙulla yarjejeniya da kotuna da asibitoci da gidajen rediyo don ɗalibai su riƙa yin ’yan makonni a can, kamar yadda takwarorinsu na kimiyya ke zuwa masana’antu.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo makamai huɗu da ɗalibin tsangayar fasaha yake bukata, wato rubutu bisa ƙa’ida, fassara, binciken fage da magana a bainar jama’a, ta kuma nuna wurare biyar da ake samun su a zaman makaranta. An ga cewa ƙasar Katagum, da harsunanta da tarihinta da sababbin cibiyoyinta, ta tanadar wa ɗalibi kayan aikin da yake bukata a ƙofar makarantarsa. Abin da ya sami Shiranci da Tashenanci ya nuna cewa irin waɗannan kayan aiki ba sa jiran kowa. Don haka ribar horar da ɗalibi ta wannan hanya biyu ce: shi ya fita da sana’ar da zai ci abinci da ita, ilmin harsunan Nijeriya kuma ya sami bayanan da in ba a ɗauko su a wannan zamani ba, masu zuwa ba za su tarar da wanda za su tambaya ba.